Yaya jinyar marasa lafiya take zama yoga a addinin Hindu?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma akwai wani likita ɗan Indiya, mabiyin addinin Hindu, da muke aiki tare. Duk ƙarshen wata yakan shiga ƙauye ya duba marasa lafiya kyauta. Da na yaba masa sai ya ce in bari, wai wannan ita ce yogarsa, da ita yake neman zama ɗaya da Ubangiji. Ni dai a sanina yoga motsa jiki ce. Yaya duba marar lafiya zai zama yoga, kuma wane irin zama ɗaya yake nufi?

Amsa: Malama, likitan nan bai yi miki ba'a ba, kuma ba daga kansa ya ƙago maganar ba. Abin da ya faɗa yana da suna a addininsu, karma yoga, wato hanyar aiki, hidimar kanta kuma suna ce mata seva. Zan kawo miki bayanin yadda masu addinin suke ganin abin, tunda shi kika tambaya, in kuma na zo inda nake da ja zan faɗa.

Mu fara sallamar motsa jikin, don shi ne mai sauƙi. Tsohon littafin da ake komawa gare shi kan yoga, na wani malami Patanjali, gajerun jimloli ne kusan 195, kuma ya jera matakai 8. Zaman jiki shi ne na 3, jimla 3 kacal aka ba shi, abin da aka ce a kansa kuwa bai wuce mutum ya zauna daram cikin natsuwa don ya iya tattara hankalinsa ba. Lanƙwashe-lanƙwashen da kike gani a talabijin sun samu siffarsu ta yanzu ne a ƙarni na 20, musamman a hannun wani malami Krishnamacharya da ya koyar a fadar sarkin Mysore a shekarun 1930, almajiransa suka kai ta Turai da Amurka. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, sai wannan fuskar ta rufe sauran. A wurin mai addinin kuwa, duk wata tarbiyya da mutum ya ɗaure kansa da ita don ya kai ga tsira yoga ce: akwai ta ilimi, akwai ta ƙauna da bauta, akwai ta zaman tunani, akwai ta aiki. Likitanku ta ƙarshen ya riƙa.

Tushen maganar yana cikin Bhagavad Gita, waƙa mai baiti 700 a babi 18, wadda take cikin doguwar waƙar yaƙin nan Mahabharata. Ya kamata ki san inda aka yi zancen, don wurin da kansa rabin darasin ne. Filin daga ne, Kurukshetra, a arewa da Delhi ta yau. 'Yan gida ɗaya sun ja daga kan sarauta. Jarumi Arjuna ya ce wa mai tuƙa masa keken doki, Krishna, ya kai shi tsakiyar rundunonin biyu ya ga waɗanda zai yaƙa. Yana dubawa sai ga kakansa Bhishma, ga Drona malaminsa da ya koya masa harbi, ga 'ya'yan baffansa. Bakinsa ya bushe, jikinsa ya ɗauki rawa, baka ta suɓuce daga hannunsa, ya zauna a cikin keken ya ce gara ya rayu da bara da ya kashe manyansa. Krishna, wanda su a wurinsu abin bauta ne da ya zo cikin siffar mutum, shi ya shiga ba shi amsa, amsar kuwa ita ce littafin.

Me ya sa bara ta zo bakin jarumi? Nan ne wanda bai san aƙidar ba yake ɓacewa. Su sun yi imani cewa rai yana mutuwa ya sake dawowa, ya mutu ya dawo, kuma abin da yake juya wannan zagaye shi ne karma, wato aiki da sakamakon da yake haifarwa. Mugun aiki yana jawo mummunar haihuwa, wannan kowa zai gane. Abin da yake ba mu mamaki shi ne kyakkyawan aikin ma igiya ne. Wanda ya tara lada yakan je gidan ni'ima ya ci ladansa, in ya ƙare ya dawo duniya, Gita ta faɗi haka ƙarara a babi na 9. To tunda burin shi ne a fita daga zagayen gaba ɗaya, abin da suke kira moksha, sai wasu tun da can suka ce mafita ita ce a daina aiki: a bar gida, a bar sana'a, a ɗauki ƙwarya a shiga daji. Hanyar da Arjuna ya so ya fake da ita ke nan.

Krishna ya rushe masa wannan da hujja mai sauƙi. Babu wanda zai iya zama ko na ƙiftawar ido ba tare da aiki ba, ko ciyar da jiki ma aiki ne, kuma wanda ya naɗe hannu zuciyarsa tana can tana lissafin abin duniya, munafuki ne. Abin da yake ɗaure mutum yana cikin ƙirji: kwaɗayin abin da aikin zai haifar, da jin cewa ni ne na yi. In aka cire waɗannan biyun, hannu ya yi ta aiki har mutuwa ba abin da zai manne wa rai. Baitin da kowane ɗan Hindu mai ɗan karatu ya haddace, na 47 a babi na 2, abu huɗu ya ƙunsa: aiki naka ne, sakamakonsa ba naka ba ne, kada sakamako ya zama dalilin aikinka, kada kuma ka fake da wannan ka zauna ba aiki. Na huɗun ne mutane suke mantawa. Baitin da yake biye ya ce daidaituwar zuciya a nasara da faɗuwa, ita ake kira yoga. Kin ga inda kalmar ta shigo. Likitan da ya yi wa mutum goma aiki, tara suka warke ɗaya ya mutu, in ya yi iya ƙoƙarinsa a kan duka goman, bai kumbura da taran ba, ɗayan kuma bai karya shi ya hana shi fitowa gobe ba, to a ma'aunin Gita yana cikin yoga, ko da bai taɓa shimfiɗa tabarmar motsa jiki ba.

Mu Hausawa mukan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ɗan Hindu ya yarda da wannan ɗari bisa ɗari, sai dai shi danƙon ne yake gudu, don duk abin da ya manne masa sai ya dawo duniya ya karɓa. Na san zuciyarki za ta tafi ga ikhlasi da gudun riya, kuma akwai kama sosai, musamman wajen ƙin yabo. Amma kada kamar ta rufe miki bambancin. Musulmi yana aiki don Allah yana kuma fatan lada da Aljanna, fatan nan kuwa abin yabo ne, domin Aljanna madawwama ce kuma rayuwar duniya sau ɗaya ce. A lissafin Gita fatan gidan ni'imar ma ciniki ne mai ƙarewa. Saboda haka da likitan ya ce ki bar yabo, ba kawaici kaɗai yake yi ba. A fahimtarsa yabon abinci ne ga abin da suke kira ahankara, wato "ni" ɗin nan mai cewa ni na yi, ni na bayar, kuma ita ce yake ƙoƙarin kashewa da yunwa. Babi na 17 ma ya kasa kyauta uku: wadda aka bayar don ya dace a bayar, ga wanda ba zai iya ramawa ba, a wurin da ya dace da lokacin da ya dace, da wadda aka bayar ana jiran ramuwa ko ana ƙunƙuni, da wadda aka jefa wa mutum da wulaƙanci. Ta farkon ce kaɗai take shiga wannan hanya.

Sai batun zama ɗaya, kuma nan zan roƙi haƙurinki, domin 'yan Hindu kansu ba su haɗu a kan ma'ana ɗaya ba. Addini ne da ba shi da shugaba guda ko littafi guda da ya yanke magana.

Akwai tsohuwar hikaya a ɗaya daga tsofaffin littattafan addininsu da ake kira Upanishad. Wani uba, Uddalaka, ya ce wa ɗansa ya zuba gishiri a ruwa ya dawo da safe. Da safe ya ce ya ɗauko gishirin, yaro ya laluba bai samu ba. Ya ce kurɓi daga wannan gefe, gishiri. Daga tsakiya, gishiri. Daga wancan gefe, gishiri. Uban ya ce haka ainihin samuwa yake, ba ka ganinsa amma yana ko'ina, kuma kai ma shi ne. A kan irin wannan magana Shankara, malamin da ya fito daga Kerala a wajen ƙarni na 8, ya gina mazhabarsa ta Advaita. A wurinsa ainihin ran mutum, atman, da ainihin komai, Brahman, abu ɗaya ne tun asali, rarrabuwar da muke gani jahilci ne ya haifar da ita. Saboda haka babu wani haɗuwa da za a yi, ganewa ce kawai. Abin da zai ba ki mamaki, Shankara bai yarda aiki yana kai mutum ga tsira ba. Ya ce aikin da babu kwaɗayi a cikinsa wanke zuciya yake yi, ya shirya ta, amma ilimi ne kaɗai yake yaye jahilci.

Ramanuja, wanda ya zauna a Srirangam a ƙasar Tamil a ƙarni na 11 zuwa na 12, bai yarda ba. A wurinsa rayuka da duniya gaskiya ne, suna ga Ubangiji kamar yadda jiki yake ga rai, ba sa rabuwa da shi amma ba su zama shi ba. Wanda ya tsira ba narkewa yake yi ba, yana nan a matsayin bawa mai hidima har abada, hidimar ce ma ni'imar. Madhva na Udupi, a ƙarni na 13, ya ƙara nisa: Ubangiji daban, rai daban, yanzu da har abada. Shi kuwa Patanjali da muka fara da shi, burin yogarsa ma rabuwa ce, rai ya gane shi ba jiki ba ne ba tunani ba ne, ya tsaya shi kaɗai. To kin ga in mutum ya ce miki yoga tana nufin zama ɗaya da Ubangiji ya yi shiru, ya faɗi ra'ayin wasu ne ya bar na wasu. A lura ta, yawancin talakawan Hindu a aikace sun fi kusa da Ramanuja: suna da abin bautar da suke ƙauna, Krishna ko Rama ko Shiva ko wata uwa, suna miƙa masa aikinsu. Masu ilimin zamani da suka yi karatu da Ingilishi su ne suka fi yin magana da harshen Shankara, kuma daga yadda likitanku ya yi furucin, ina kyautata zaton daga wannan ɓangaren ya sha. Musulmin da ya karanci tasawwufi zai tuna da muhawarar wahdatul wujudi, kuma ba laifi ya tuna, in dai bai ɗauka abu ɗaya ba ne, don can maganar Mahalicci da halitta ake yi a cikin tauhidi, nan kuwa gini ne a kan wani tushe dabam.

Yadda hidima take haɗuwa da wannan aƙida a bayyane yake. In abin da yake cikina shi ne yake cikinki, to katangar da take tsakaninmu ita ce "ni" ɗin nan, kuma babu abin da yake cin ta kamar mutum ya durƙusa ya wanke gyambon wanda ba zai taɓa biyansa ba. Gita ta ce mai hikima da ido ɗaya yake kallon malami Brahmin, wato ɗan ajin da ya fi daraja a al'ummarsu, da saniya da giwa da kare da mutumin da al'umma ta fi ƙyama.

Sai dai akwai wani abu na tarihi da masu wa'azin wannan hanya ba su cika faɗa ba. A tsohuwar fahimta, "aiki" a Gita yana nufin hadayu da ibadu da kuma aikin da ajin haihuwarka ya ɗora maka, domin al'ummarsu aji-aji take, kowa da ajin da aka haife shi a ciki: jarumi ya yi yaƙi, ɗan kasuwa ya yi kasuwanci. Ciyar da baƙo da sadaka tsofaffin abubuwa ne a Indiya, amma a ce gina asibiti da makaranta da kai agajin yunwa shi ne hanyar tsira ga wanda ya saki duniya, wannan sabon abu ne, kuma ana iya nuna mutumin da ya kafa shi. Shi ne Swami Vivekananda, ɗan Kalkata, an haife shi 1863 ya rasu 1902 yana da shekara 39.

Malaminsa Ramakrishna mutumin ƙauye ne mai hidimar wani ɗakin bauta a Dakshineswar. Almajiransa sun ruwaito cewa wata rana ana zancen tausaya wa halitta sai ya ce, kai wane ne da za ka tausaya wa wani? Ba tausayi ba, hidima, ka yi wa mutum hidima kana ganin Shiva ne a gabanka. Vivekananda ya riƙe wannan. Bayan rasuwar malamin a 1886 ya zaga Indiya, ya ga yunwa da talauci irin wanda bai taɓa zato ba, ya je Shikago a 1893 ya yi jawabin da ya fito da sunansa a taron addinai na duniya, ya dawo ya kafa Ramakrishna Mission ranar 1 ga Mayu 1897. Taken ƙungiyar ya haɗa abu biyu da a da ake ganin ba sa haɗuwa: don tsirar kai, da don amfanin duniya. Shi ya yaɗa kiran talaka da daridra narayana, wato abin bauta a cikin rigar matalauci.

'Yan'uwansa almajirai ba duka suka karɓa da farko ba. Wasu sun ce masa malaminmu neman Ubangiji ya koya mana, wannan tsari na ƙungiya da asibiti daga Turawa ka kwaso shi. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, domin asibitoci da makarantun 'yan mishan suna gaban idonsa, kuma ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiyoyi a Amurka. Ni a ganina duka biyun gaskiya ne: siffar aikin ta zamani ce, hujjar da ya kafa ta da ita kuwa daga cikin gida ya ciro ta. A shekarar 1897 ɗin ɗaya daga cikin 'yan'uwansa almajiran, Akhandananda, ya fara rabon abinci a yankin Murshidabad da yunwa ta kama. Da annobar nan mai kumbura kaluluwa ta addabi Kalkata a 1899, almajirar Vivekananda 'yar Ailan, Margaret Noble, wadda ya sa wa suna Nivedita, ta ɗauki tsintsiya da kanta ta shiga share lungunan unguwa, samari suka ji kunya suka bi ta. A 1901 wani almajirin, Kalyanananda, ya buɗe 'yar bukkar jinya a Kankhal kusa da Haridwar, garin masu zuhudu. Shi da abokin aikinsa suna bara su ci, suna jinyar marasa lafiya, suna kwashe musu kashi da fitsari, har da na masu shara da ba a taɓawa, wato 'yan ajin da ake ganin taɓa su ƙazanta ne. Sauran masu zuhudun garin suka riƙa kiransu da sunan raini, wai masu zuhudun kwasar kashi. Wannan bukkar yau babban asibiti ce.

Akwai wata magana ta Vivekananda da nake so ki riƙe, don ita ce ta raba wannan hanya da aikin ƙungiyoyin agaji da muka saba gani. Ya ce duniya kamar wutsiyar kare take, ko shekara nawa ka yi kana miƙar da ita, kana saki za ta koma ta naɗe. Saboda haka kada mai hidima ya ɗauka shi ne zai gyara duniya. Kansa yake taimako, kuma shi ya kamata ya gode wa wanda ya karɓa, don ya ba shi damar yin aikin. Wannan tunani yana da amfani guda babba a aikace: mai shi ba ya saurin gajiya, ba ya fushi in ba a gode ba. Yana kuma da haɗari, domin in an bi shi da sakaci marar lafiya sai ya koma kayan aikin tsarkake zuciyar likita, ko ya warke ko bai warke ba. Masu hankali a cikinsu sun amsa wannan da wani baitin na babi na 2, mai cewa yoga ƙwarewa ce a cikin aiki. Barin kwaɗayin sakamako bai ba kowa izinin yin aikin banza ba.

Gandhi ne ya kai abin fagen siyasa. Ya fara karanta Gita a Landan yana ɗalibin lauya, a fassarar Ingilishi, daga baya ya fassara ta zuwa harshensu na Gujarati, ya ce zuciyarta ita ce rashin manne wa sakamako, yaƙin da ke cikinta kuma yaƙin cikin zuciya ne. A zaurukan da ya kafa kowa sai ya wanke masai, har shi har matarsa, abin da a al'adarsu aikin ƙasƙantattun aji ne. A 1915 ya karɓi wani iyali daga cikin waɗanda ba a taɓawa a zaurensa na Kochrab a Ahmedabad, masu ba da kuɗi suka janye, har sai da wani attajirin masaƙa, Ambalal Sarabhai, ya zo a mota ya miƙa masa rupi 13,000 ya tafi. A Sevagram kuma ya ajiye wani mai kuturta, Parchure Shastri, malamin Sanskrit, tsohon harshen littattafan addininsu, yana wanke masa miki yana yi masa tausa da hannunsa, a lokacin da ake tsakiyar rigimar neman 'yanci.

Yanzu ga inda nake da ja, kuma ba ni na fara ja ba. Littafin da ya ce a kalli Brahmin da wanda ake ƙyama da ido ɗaya, shi ne kuma ya ce a babi na 4 Krishna ne ya halicci azuzuwa huɗu na mutane, ya jera aikin kowane aji a babi na 18, ya ce gara mutum ya yi aikin ajinsa ko da bai iya ba da ya yi na wani da kyau. Masu kare littafin suna cewa hali da aiki ake nufi, ba haihuwa ba. Amma a ƙasa, ɗaruruwan shekaru, da haihuwa aka yi aiki. B. R. Ambedkar, wanda ya fito daga cikin waɗanda ba a taɓawa ya kuma jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ya karanta Gita a matsayin kariya ga wannan tsari, kuma a 1956 ya bar addinin Hindu ya shiga na Buddha a Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. Hujjarsa mai nauyi ce. Lauyan da ya zaɓi ya wanke masai don ya karya girman kansa, da mutumin da aka haifa aka ce masa kakanka ma shi ya yi kai ma shi za ka yi, kada kuma ka dubi lada, ba abu ɗaya suke yi ba ko da tsintsiyar ɗaya ce. Tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar taɓawa, amma sai da aka sake yin doka a 1993, aka kuma yi wata a 2013, don hana sa mutane kwasar bayan gida da hannu, kuma har yau ana samun masu mutuwa a cikin ramukan ƙazanta, kusan dukansu daga waɗannan azuzuwan.

Su kansu 'yan Hindu suna da labarin da yake nuna sun san da wannan giɓi. Suna cewa Shankara yana tafiya a Varanasi sai ya haɗu da wani daga ƙasƙantaccen aji da karnukansa, ya ce masa ya kauce. Mutumin ya ce, wa kake cewa ya kauce, jiki ya kauce wa jiki, alhali duka daga abinci suke, ko rai ya kauce wa rai, alhali kai ka ce ɗaya ne? Shankara ya sunkuya masa. Labarin yana da daɗi, sai dai an daɗe ana ba da shi ba tare da an buɗe wa mutumin rijiyar gari ba. Haka kuma koyarwar yin aiki ba tare da duban sakamako ba tana iya faɗawa kowane hannu. Wanda ya harbe Gandhi ranar 30 ga Janairu 1948 ya kafa hujja a kotu da Arjuna da Krishna. A yau ma akwai ƙungiyoyin kishin Hindu masu dubban makarantu da wuraren shan magani da sunan seva, waɗanda haɗin kan da suke nufi na 'yan Hindu ne a matsayin al'umma ta siyasa, abin da Musulmi da Kiristocin Indiya suke kallo da fargaba. Wannan daban yake da zama ɗayan da likitanku yake magana a kai, duk da kalmomin sukan zo iri ɗaya.

Tunda ke ma'aikaciyar lafiya ce, bari in ba ki misalin da ya fi kusa da aikinki, wanda kuma a ganina ya nuna abin a mafi kyawun siffarsa. Marigayi Dakta Govindappa Venkataswamy likitan ido ne a Madurai, kudancin Indiya. Tun yana saurayi amosanin gaɓɓai ya karkatar masa da yatsu, ya koya wa hannun nan riƙe wuƙar fiɗa, ya yi aikin ido sama da 100,000. Da ya yi ritaya yana da shekara 58, a 1976, ya buɗe asibiti mai gado 11 a gidan haya, ya sa masa suna Aravind don girmama malaminsa na ruhi, Sri Aurobindo. Tsarin shi ne mai hali ya biya, marar hali a yi masa kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma likitocin da suke yi wa masu kuɗi su ne suke yi wa talakawa. An shirya ɗakin fiɗa yadda likita yana gama cire yanar idon wannan, ma'aikatan jinya sun riga sun shirya na gaba a gadon da ke gefe, sai ya juya kawai. Da tsadar ƙwayar roba da ake sa wa a ido ta hana talaka samu, sai suka kafa masana'antarsu a 1992, farashin ya faɗo daga dala 100 ko fiye zuwa wajen dala 10, daga baya ma ƙasa da haka. Ga mutumin da yake cewa aikinsa ibada ce, ga shi kuma yana ƙirga kowane sakamako da kowace matsala bayan fiɗa. Abin da ya bari shi ne rabonsa a ciki. Asibitin ido na Gidauniyar Tulsi Chanrai da ke Abuja da haɗin gwiwar Aravind ɗin nan yake aiki, saboda haka tsarin ya iso har ƙasarmu.

Ba ki tambaya ba, amma na san masu karatu za su tambaya, ko Musulmi zai iya yin yoga ta motsa jiki. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana a 2008, saboda abin da ake haɗawa da ita na rera kalmomin bauta da neman zama ɗaya da abin bauta. Majalisar malaman Indonesiya a 2009 ta rarrabe: wadda take ɗauke da ibadar Hindu ta hana, wadda motsa jiki ce da numfashi zalla ta bari. Wanda abin ya shafa ya kai wa malaman fiƙihun da ya amince da su, ya kuma bayyana musu ainihin abin da ake yi da abin da ake furtawa a ajin da yake son shiga, don azuzuwan sun bambanta ƙwarai.